Ruwa ne Jarin Katagum, Ba Otal Ba

Da ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum cikin Agustan 2024, sai hankalin kowa ya tafi kan kwalta. Ni abin da ya dame ni shi ne ruwan kansa, domin shi ne kaɗai abin da zai sa baƙo ya tsaya a wannan yanki, ga shi kuma muna barinsa yana lalacewa.

A Bauchi, in aka ce yawon buɗe ido, Yankari da ruwan Wikki ake nufi. Azare kuwa zango ce: direba ya tsaya, fasinja ya ci masa da miya, ya sha fura da nono, mota ta tashi. Alhali tun 1824 Bature matafiyi Clapperton ya sauka a tsohuwar Katagum ta Malam Zaki, tun kafin sarauta ta koma Azare a 1916. Kogi ne ya tara mutanen yankin wuri guda. Bafulatani ya biyo makiyaya, Bahaushe ya kama noman fadama, Babarbare ya zo da fatauci da burabuskonsa, masunta na banda kifi a bakin gaɓa.

Yau fadamun Hadejia da Nguru, waɗanda gefensu ya taɓo ƙasar Zaki, ciyawar kacala ta shaƙe su. Tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa ya janye a kan lokacinsa, ciyawar ta samu gindin zama. Inda ta kafu kwalekwale ba ya ratsawa, koma ba ta shiga, tsuntsun jan baki kuma ya samu maɓoya, daga nan yake afka wa shinkafa da gero. Masunci ya rasa kamu, ɗansa ya tafi birni acaba. Da haka girkin gida da waƙoƙin kamun kifi ke bin bayansu.

Masu cewa rashin otal da tsoron hanya ne suka hana baƙi zuwa suna da 'yar gaskiya. Amma otal ana gina shi a shekara guda. Su kuma masu neman a ƙarasa madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda har yanzu yake cika ya janye da kansa, su fara zuwa su ga abin da kacala ta yi wa mashigan ruwa a Nguru.