Likita Mila Na Wusasa

Wanda ya bar birnin Zariya ya nufi Wusasa zai tarar da majami'a da asibiti da makaranta a gindin dutse. In ya tambayi asalinsu, sunan da za a fara ambata masa shi ne Likita Mila, watau Walter Miller, Baturen Ingila mai wa'azin addinin Kirista, wanda aka haifa a 1872, ya rasu a 1952. Mun sani mafi yawan masu karanta wannan jarida ba addininsu ɗaya da shi ba. Duk da haka muna ganin akwai abin da malamin makaranta da akawu za su tsinta cikin labarinsa.

Tun bai sa ƙafa a ƙasar Hausa ba sai da ya tafi Tarabulus, ya zauna tare da Hausawa fatake da alhazai domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A 1900 ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ce su koma inda suka fito. Suka juya suka sauka a Girku, suka sha fama da ciwo, har mutuwa ta shiga cikinsu. Da wani ne, da ya tattara kayansa ya yi gida ke nan. Mila kuwa ya komo, a 1905 ya zauna cikin birnin Zariya yana ba da magani, yana koya wa 'yan yara karatu, har wajen 1929 da aka mai da Mishan Wusasa.

In za a auna aikinsa da yawan waɗanda suka bi addininsa, lalle bai sami abin da ya zo nema ba, gama 'yan kaɗan ne. Kuma ba mu ce ba shi da aibi ba. Mutum ne mai kafiya, mai kaifin harshe, bai zauna lafiya da sarakuna ba, Turawan mulki ma sun sha suka daga alƙalaminsa.

Amma a dubi abin da ya yi wa Hausa. Shekara da shekaru ya duƙufa, shi da mataimakansa, suna auna kalma da kalma, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Duk malamin da ya taɓa ƙoƙarin juya shafi ɗaya tak na Turanci zuwa Hausa mai daɗin ji ya san nauyin wannan kaya. Mu da ke horad da malamai mukan ga saurayi ya yi shekara biyar a garin da aka tura shi, bai iya ko gaisuwa da harshen iyayen almajiransa ba, sa'an nan ya riƙa kuka wai mutanen ƙauye ba su son boko. Ga baƙo daga hayin teku ya ƙware har yana gyara wa 'yan'uwansa Turawa Hausa.

Makarantarsa kuwa ƙarama ce ƙwarai, amma ya san kowane yaro da sunansa da halinsa, ya bi sawunsa har ya girma. Daga wannan tushe aka sami Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda kuma yana cikin shugabannin da suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ga shi yau akwai babban asibiti a Kaduna mai sunansa. Janar Yakubu Gowon, wanda ya riƙe Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, a makarantarta ya fara karatu.

Da tsufa ya kama Mila bai zaɓi ya ƙare kwanansa a Ingila ba. A Bukuru, kusa da Jos, ajali ya same shi, shekara hamsin da biyu bayan ranar da aka sallame shi daga fadar Kano.