Me ya sa masana ke shan wahalar mayar da furotin kiristal?

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana naɗe cikin wani siririn tantani na kitse. A jikin tantanin akwai furotin da ke aikin ƙofa: su ke shigar da sukari da gishiri, su ke karɓar saƙo daga waje. Fiye da rabin magungunan zamani a kan irin waɗannan ƙofofi suke aiki. Mai haɗa magani kuwa yana bukatar ganin siffar ƙofar, kamar yadda maƙeri ba ya ƙera mabuɗi sai ya ga kwaɗon.

Furotin guda ya yi ƙanƙantar da ba a ganinsa. Dabarar da aka daɗe ana bi ita ce a sa miliyoyinsu su jeru bisa tsari har su zama kiristal. Ana zuba furotin cikin ɗan ɗigon ruwa, a bar ruwan yana raguwa sannu a hankali, kamar yadda gishirin Bilma ke fitowa idan ruwa ya ƙafe. Sai a haska kiristal ɗin da hasken X, irin na hoton ƙashi a asibiti amma mai ƙarfi ƙwarai, kamar wanda babbar na'urar Grenoble ta Faransa ke fitarwa. Daga yadda hasken ya warwatsu ake lissafo mazaunin kowane atom.

Matsalar ita ce furotin na tantani ya saba zama cikin kitse. Da an ciro shi an sa a ruwa sai ya dunƙule ya lalace. Dole a lulluɓe shi da wani sabulu na musamman, kuma nan aikin ke cin rai: sabulu ya yi yawa, furotin ba su taɓa juna balle su jeru, ya yi kaɗan, su cure. Akan gwada haɗi dubbai, wani lokaci shekaru, ba a samu komai ba.

Bajamushe Hartmut Michel ya yi nasara a 1982 da furotin na wata bakteriya, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1988 tare da Johann Deisenhofer da Robert Huber. A 1996, a birnin Basel, aka fito da wata hanya: a tsirar da kiristal cikin kitse mai kauri kamar man goge haƙori.

A 2020 masana a Stockholm sun bayyana siffar PfHT1, ƙofar da ƙwayar masassarar cizon sauro ke shan sukarin jininmu da ita. Yanzu ana neman maganin da zai toshe ta, ƙwayar ta mutu da yunwa, ba tare da ya taɓa ƙofar sukari ta mutum ba.