Shel da Falle: Yadda Ake Karanta Zuciyar Kasuwa

Farashi ba darajar kaya kaɗai yake nunawa ba. A cikinsa akwai tsoron mai saye, da kwaɗayinsa, da abin da yake zaton gobe za ta haifar. Masu nazarin kasuwar hannun jari sun daɗe suna neman hanyar auna wannan hali. A 1993 wata kasuwa a birnin Shikago na Amurka ta fito da ma'aunin VIX, wanda ake yi wa laƙabi da ma'aunin tsoro. Abin da yake dubawa shi ne kuɗin da masu jari suka yarda su biya don kare kansu daga tangal-tangal ɗin farashi cikin kwana 30 masu zuwa. In hankali ya kwanta yakan tsaya ƙasa da 20, amma a Nuwamba 2008 da Maris 2020 sai da ya haura 80.

Irin wannan awo ba sai da kwamfuta ba. Mu ɗauki Mai Wurno, garin da ke bakin kogin Shuɗin Nilu kudu da Sannar a Sudan, wanda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. An fara cinikin hannun jari a Khartum a 1995, amma ba ruwan manomin dawa da riɗi da wannan. Abin da ya sani tun kaka da kakanni shi ne shel, kamar yadda ake faɗa da Larabcin Sudan, wato abin da Hausawan Katsina da Kano ke kira falle. Da damina, sa'ad da rumbu ya ƙare, manomi yakan karɓi kuɗi ko kayan masarufi a hannun ɗan kasuwa, a kan zai biya da buhunan amfanin gona da kaka. Tun ranar ake yanke farashin buhu, kuma yakan gaza na kasuwa nesa ba kusa ba.

To, a nan ne ake karanta zuciyar masu jari. In ruwa ya zauna, shuka ta yi kyau, attajiri yakan ba da shel hannu sake, sai dai ya karya farashi, don ya san da kaka dawa za ta cika kasuwa ta yi kwantai. In kuwa ruwa ya ɗauke a Agusta, sai ya ƙi bai wa ƙaramin manomi, ya kulle hatsin da ke hannunsa yana jiran tsada. Saboda haka sanin farashi kaɗai bai isa ba. Sai an san wa aka ba, wa aka hana.

Ma'aunin yana da aibi babba. A ƙauyen da attajiri ɗaya ne tak, karyewar farashin shel ba lalle tsoronsa take nunawa ba. Sau da yawa ya dai san manomin ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa ne kafin dawa ta nuna.