Pokémon: Yadda katin wasan yara ya zama hajar miliyoyin daloli

A watan Afrilun 2022, lokacin da Logan Paul, matashin Ba'amurken nan da ya yi suna a YouTube, ya fito filin gasar kokawa ta WrestleMania a jihar Texas, abin da ya rataya a wuyansa ne ya fi ɗaukar hankalin jama'a.

Wani ɗan kati ne na kwali, wanda da kaɗan ya fi katin ATM girma, ɗauke da zanen wata 'yar halitta mai launin rawaya da ake kira Pikachu.

Watanni kafin nan, a Yulin 2021, ya sayi katin a Dubai kan dala miliyan 5 da dubu 275, wato biliyoyin naira. Ya biya dala miliyan 4 lakadan, ya cika sauran da wani katin irinsa. Kundin bajinta na Guinness ya sanya cinikin a matsayin mafi tsada da aka yi kan katin Pokémon tsakanin mutum da mutum a wancan lokaci.

Domin wasan yara aka ƙirƙiro waɗannan katuna. To amma yau manya ne ke kwana a layi dominsu, ana ba hamata iska a kantuna, ɓarayi na fasa shaguna, yaran kuma sau da dama kan je su tarar an kwashe komai.

Daga farautar ƙwari zuwa Game Boy

Labarin ya faro ne daga Satoshi Tajiri, wanda ya tashi a Machida da ke wajen birnin Tokyo na ƙasar Japan. Yana yaro babu abin da yake so kamar shiga daji ya kamo ƙwari ya tara su.

Da ya girma ya kafa kamfanin Game Freak, sai ya mayar da wannan sha'awa wasan bidiyo: ɗan wasa zai riƙa yawo yana kama halittu iri-iri, yana horar da su, yana musayarsu da abokansa.

Wasan ya fito ranar 27 ga Fabrairun 1996 a kan Game Boy, ƙaramar na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo, da halittu 151. A watan Oktoban shekarar aka fitar da katunan a Japan, a 1997 aka fara nuna katun ɗinsa a talabijin, sannan katunan suka shiga kasuwar Amurka a Janairun 1999.

Wasan katin na mutum biyu ne. Kowa zai haɗa kati 60, su fafata, halittar wannan ta kai wa ta wancan hari bisa ƙarfin da aka rubuta a jikin katin. Har yau ana shirya gasar duniya ta wasan, inda aka yi ta 2023 a Yokohama, ta 2024 kuma a Honolulu.

Sirrin yana cikin ledar

Yadda ake sayar da katunan shi ne ƙashin bayan wannan kasuwa. Ana zuba su ne a 'yar ledar da aka liƙe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage ta.

A zubin farko da ya shiga Amurka, kowace leda na ɗauke da kati 11 daga cikin nau'i 102. Guda 16 ne kacal daga cikinsu masu ƙyalli, kuma sai mutum ya buɗe leda kusan uku kafin ya dace da mai ƙyalli ɗaya. Wanda kowa ke nema shi ne Charizard, halitta mai fukafukai da ke fesa wuta.

Yaro zai saya bai samu ba, gobe ya sake saye. Tun a 1999 makarantu da dama a Amurka suka hana shiga da katunan saboda rigingimu da cutar ƙananan yara wajen musaya.

Me ke sa kati ya yi tsada?

Abu na farko shi ne ƙaranci. Katin da Logan Paul ya saya, mai suna Pikachu Illustrator, ba a taɓa sayar da shi a kanti ba. Kyauta ce da aka bai wa waɗanda suka yi nasara a gasar zane ta mujallar yara ta CoroCoro a Japan a shekarun 1997 da 1998, kuma guda 39 aka raba. Atsuko Nishida, wadda ta fara zana Pikachu, ita ce ta yi zanen da ke jikinsa.

Na biyu shi ne lafiyar katin. Akwai kamfanonin da aikinsu kenan duba kati su ba shi maki, mafi shahara shi ne PSA da ke jihar California. Suna duba kusurwoyinsa huɗu da gefunansa da fuskarsa, da kuma ko zanen ya zauna daidai a tsakiya, sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba mai tauri.

Ɗan karce da ido ba ya gani sai da madubi zai iya sauko da kati daga maki 10 zuwa 9, kuma wannan maki ɗaya na iya cin fiye da rabin kuɗinsa. Katin da Logan Paul ya bayar a matsayin cikon kuɗi irin wanda ya saya ne sak, sai dai makinsa 9, shi ya sa aka yi masa kuɗi dala miliyan 1 da dubu 275 kawai.

Haka abin yake ga Charizard na bugun farko na 1999. An buga su da yawa, amma yara ne suka riƙe su, a aljihu da jakar makaranta. Waɗanda suka tsira har suka samu maki 10 ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. A Maris ɗin 2022 an yi gwanjon ɗaya kan dala dubu 420.

Na uku kuma shi ne kewar ƙuruciya. Yaran 1999 su ne magidantan yau masu albashi, kuma da yawansu na neman katin da iyayensu suka ƙi saya musu a wancan lokaci.

Korona ta hura wutar

A 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, wasu suka zaƙulo tsofaffin katunansu daga akwati. Masu bidiyo a YouTube da TikTok suka shiga buɗe ledoji kai-tsaye miliyoyin mutane na kallo, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabi.

Katunan da aka riƙa aika wa PSA sun yi yawan da a ƙarshen Maris ɗin 2021 kamfanin ya dakatar da karɓar akasarin sababbi har sai ya rage na ƙasa.

A watan Mayun shekarar, kantin Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka, ya dakatar da sayar da katunan Pokémon da na 'yan wasanni a shagunansa. Hakan ya biyo bayan wani faɗa kan katunan 'yan wasanni a wajen ajiye motoci na wani reshensa a jihar Wisconsin, inda wani ya zaro bindiga.

A jihar Georgia kuma wani mutum ya yi ƙarya ya karɓi bashin tallafin korona na masu ƙananan sana'o'i, ya kashe sama da dala dubu 57 daga ciki kan katin Charizard guda ɗaya. A 2022 kotu ta ɗaure shi shekara uku, gwamnati ta ƙwace katin.

'Yan sari sun ture yara

Masu saye domin su sayar da tsada sun zama babban ciwon kai. A Satumban 2023 gidan adana zane-zane na Van Gogh da ke Amsterdam ya fito da wani katin Pikachu na musamman domin jawo yara su zo kallon zane. Manya suka yi wa wurin tsinke, ana turereniya, katin kuma ya bayyana a intanet da tsada. Bayan kusan mako biyu gidan ya daina raba shi saboda tsaron baƙi da ma'aikata.

A Agustan 2025 kamfanin McDonald's a Japan ya sanya katunan a cikin abincin yara, da niyyar yin kwana uku yana rabawa. Tun ranar farko suka ƙare a shaguna da dama. 'Yan sari sun riƙa sayen abincin da yawa, su zare katin, su watsar da abincin a kan tebura da bakin titi. Hotunan sun fusata jama'a, har kamfanin ya nemi afuwa.

Jabu da faɗuwar farashi

Inda kuɗi suka taru, 'yan damfara ba sa nisa. Logan Paul da kansa ya faɗa hannunsu. Ya sayi wani kwali da aka ce ledojin bugun farko ne a ciki kan dala miliyan 3 da rabi, amma da aka buɗe a Janairun 2022 sai aka tarar da katunan wani wasan daban mai suna G.I. Joe.

Katunan jabu kuma sun cika kasuwannin intanet, wasu ma har da robar da ke nuna kamar an tantance su.

Ko katin na gaske ne, babu tabbacin riba. Bayan tashin da aka yi a 2021, farashin tsofaffin katuna da dama ya faɗo sosai a shekaru biyun da suka biyo baya, waɗanda suka saya lokacin da kasuwa ke ganiyarta suka tafka asara, garin neman ƙiba suka samo rama.

Akwai kuma wani lissafi da masu sayen sababbin katuna domin ajiya ke mantawa da shi. Alƙaluman kamfanin Pokémon sun nuna cewa zuwa Maris ɗin 2025 an buga kati sama da biliyan 75, kuma fiye da biliyan 10 daga ciki a shekara ɗayar ƙarshe aka buga su. Tsofaffin sun yi tsada ne saboda babu wanda ya adana su. Na yanzu kuwa kowa na adanawa a roba tun daga ranar da ya saya.

Wasa ne ko caca?

Biyan kuɗi kan ledar da ba ka san abin da ke ciki ba ya daɗe yana jawo muhawara. A 2001 hukumomin addini a Saudiyya sun haramta wasannin Pokémon da katunansa, kuma kamanceceniya da caca na cikin dalilan da suka bayar. Shekara 21 bayan haka, a 2022, asusun zuba jari na gwamnatin ƙasar ya sayi kashi 5 cikin 100 na hannun jarin Nintendo.

A Turai, ƙasar Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasannin bidiyo a matsayin caca tun 2018.

Yanzu kuma ledar ta shigo waya. A ƙarshen Oktoban 2024 aka fitar da manhajar Pokémon TCG Pocket, wadda ke bai wa mutum damar buɗe leda biyu kyauta a kowace rana, wanda ke son ƙari kuma ya biya. Cikin kusan wata huɗu an sauke ta sau miliyan 100.

Katunan manhajar ba a riƙe su a hannu, ba a kuma kai su gwanjo. Sai dai tsarin bai sauya ba: a buɗe, a duba, a sake buɗewa. Iyayen da ke miƙa wa yara wayoyinsu za su so su duba ko katin bankinsu na haɗe da ma'ajiyar manhajoji, su kuma sanya lambar sirri kafin duk wani saye.

Su kuwa masu shagunan kati a Japan da Amurka, da yawansu sun koma ƙayyade yawan ledojin da mutum ɗaya zai iya saya a rana. Wasu ma kan ware wani kaso su ce na yara ne kaɗai, domin ɗan makarantar da ya tara kuɗin tararsa ya samu abin da zai buɗe.