Ciwon dajin hanta: ɓarnar da ke farawa daga murhun jiki

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, ba baƙon labari ba ne a ji magidanci mai ƙarfinsa ya rame, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu. Kafin a kai shi asibitin Ƙwanni ko na Galmi, sau da yawa ciwon daji ya riga ya cinye hanta.

Babban mafarin wannan ciwo a ƙasashenmu shi ne ƙwayar cutar hanta mai suna hepatit B, wadda bature Baruch Blumberg na Amurka ya gano alamarta cikin jini a shekarun 1960. Jaririn da ya kamu da ita wajen haihuwa, tara cikin goma tana zama jikinsa, shiru, shekara da shekaru.

Cikin kowace ƙwayar halitta ta hanta akwai wasu ƴan mitsi-mitsin murahu fiye da 1000, masana na kiransu mitokondiri. Su ke ƙona abinci da iskar da mutum ya shaƙa, su ba jiki ƙarfi. Daga uwa kaɗai ake gadonsu. Aikinsu na biyu ya fi ban mamaki: idan ƙwayar halitta ta lalace, su ke ba ta umarnin mutuwa, don kada ta hayayyafa da aibinta. Nan cutar ke kai hari. Tana ƙera wani sinadari, HBx, wanda ke mannewa jikin murahun, ya sa su fitar da guba mai ɓata kundin gado na ƙwayar, ya kuma rikita umarnin nan. Ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta rayu, ta yi ta rabuwa har ta zama ƙari.

Ƴan kasuwa su lura: gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna a sito na ɗauke da guba, aflatoksin, wadda ke ninka haɗarin ga mai cutar.

Nijar ta sa rigakafin hepatit B cikin allurar jarirai a shekarar 2008. Ke nan galibin waɗanda aka haifa kafin lokacin, ma'aikata da fatake, ba su samu ba. Awon jini ke nuna mai ɗauke da ita, kuma akwai magani, tenofobir, da ke danne ta, ko da yake ba ya kawar da ita ɗungum.