Sinima: Yadda Yaron Gwamna Ya Koyi Cin Amana

Jama'a, wanda ya saba da fim ɗin Indiya mai waƙa da rawa, ko na Sin mai dambe, to, a wannan babu ko ɗaya. Mutane ne cikin kwat suna magana a ɗakunan otal da cikin motoci. Amma dai ku daure ku kalla.

Sunan fim ɗin The Ides of March, watau ranar 15 ga Maris, ranar da aminan Kaisar na Rum suka taru suka soke shi har lahira. An fito da shi a 2011. George Clooney ne ya shirya shi, shi ne kuma ya fito a Gwamna Mike Morris, mai neman jam'iyyar Dimokurat ta tsai da shi takarar shugaban Amurka. Ana fafatawar zaɓen fid da gwani a Jihar Ohayo.

Amma labarin ba na Gwamna ba ne, na yaronsa ne, Stephen Meyers, wanda Ryan Gosling ya fito a madadinsa. Saurayi ne mai kaifin baki, ya gaskata maigidansa har zuci. Wata rana Tom Duffy, manajan kamfen na abokin hamayya, ya kira shi su gana a ɓoye. Ya tafi. An yi masa tayin aiki, ya ƙi. Zuwan nan kaɗai shi ne laifinsa. Da ya faɗa wa shugabansa Paul Zara, sai Zara ya tsegunta wa wata 'yar jarida da kansa, don ya sami hanyar korarsa. Yaro ya ruga wurin Duffy, shi kuwa ya ce ba ya bukatarsa, da ma so yake ya raba shi da Gwamna. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin wani maigida a baƙon gari ya san zafin wannan rana.

A nan ne gwanintar take. Philip Seymour Hoffman, wanda ya rasu a 2014, shi ne Zara: ƙato, ga tumbi, ga taba a hannu, kamar wanda ya shekara bai yi barci ba. Sa'ad da yake korar yaron bai ɗaga murya ba, sai ya zauna yana ba shi labarin abin da biyayya ta jawo masa tun yana ƙaramin ma'aikaci. Kana jin haushinsa, kana kuma ganin gaskiyarsa. Paul Giamatti, watau Duffy, da murmushi yake yanka. A ganina waɗannan dattawa biyu sun fi taurarin da aka buga hotonsu a talla.

Sa'an nan ga Molly, yarinya mai koyon aiki a ofishin kamfen, wadda Gwamna ya yi wa ciki. Meyers ya kai ta aka zubar, daga baya aka tarar da gawarta a ɗakin otal. Evan Rachel Wood ta yi ƙoƙari, sai dai marubutan sun yi mata rowa. Sun kashe ta ne kurum don yaro ya sami makami.

Ya kuwa yi amfani da shi. Ya tare Gwamna da dare a kicin ɗin wani gidan abinci, ya gindaya masa sharuɗɗa: a kori Zara a ba shi kujerarsa, a kuma ɗauki Sanata Thompson mataimaki don wakilai 356 da ke hannunsa, cinikin da Gwamna ya sha cewa ba zai yi irinsa ba. Dubi fuskar Clooney a nan, fara'ar dandali duk ta gushe.

Korar Zara kuwa ba a ji ko kalma ɗaya ba. Ya shiga motar Gwamna, kyamara ta tsaya a waje tana kallon baƙin gilashi. Can sai ƙofa ta buɗe, ya sauko, mota ta tafi ta bar shi tsaye a lungu.

Tsawon fim ɗin kamar awa ɗaya da minti 40. Akwai ashar a ciki, kada a kalla da yara.