Hotunanmu a Rumbun Wani

A yau gidaje da yawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun suna da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Mukan ɗauki hoton biki da na suna. Mukan ɗauki bidiyon masu dawowa daga Makka, da na shinkafa ranar da aka yanke ta. Waɗansunmu sukan ɗauki hoton takardar cinikin gona, ko katin shaida, ko takardar makarantar yaro, don gudun ɓacewa. Akwai kuma hoton tsoho ko tsohuwa da Allah ya yi wa rasuwa. Wannan ba a sake ɗaukarsa.

To, amma waya ba ta da tabbas. Takan faɗa ruwa a fadama, takan fashe, akan kuma sace ta a kasuwa. Tilas ne mu san inda hotunan nan suke kwana, da yadda za mu kawo su wurin da hannunmu zai kai.

Yawancin wayoyin da muke riƙewa suna aiki da tsarin Android na kamfanin Google. Ranar da aka sayi waya, mai shago ko wani yaro na gida yakan buɗe mana akwatin Gmail, ya sa masa suna da kalmar sirri. A cikin wayar akwai wata manhaja, sunanta Google Photos. Alamarta kamar ƙaramar fanka ce mai launi huɗu, ja da shuɗi da kore da rawaya. In an kunna mata ajiya, duk hoton da muka ɗauka sai ta aika da kwafinsa ta intanet zuwa ma'ajiyar kamfanin. Wannan ma'ajiya ita ce Turawa suka sa wa sunan girgije.

Kada sunan ya ruɗe mu. Hotunanmu ba a sama suke ba. Suna cikin waɗansu manya-manyan gine-gine cike da kwamfutoci, a Amurka da Turai da waɗansu ƙasashe. Akwai ɗaya a garin Hamina na ƙasar Finlan. Dā masana'antar takarda ce, kamfanin ya saye ta a 2009, yana jawo ruwan teku yana sanyaya injunan. Watau dai girgije rumbu ne, amma rumbun wani, a garin wani.

Wannan ajiya tana da amfani ƙwarai. In waya ta ɓace, mutum ya sayi sabuwa, ya shiga akwatinsa, sai ya tarar da hotunansa. Amma wanda hatsinsa ke rumbun wani ya san ba kullum yake iya ɗiba ba.

Mu dubi madatsar ruwa ta Bakolori. An gama gina ta a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kuma daga cikinta ruwa ke bin magudana zuwa gonakin rani na ƙasashenmu uku. Kowane manomin rani ya san ruwan da ke cikin madatsa dabam, wanda ya iso gona dabam. In an rufe ƙofa, ko magudana ta toshe, madatsa tana nan cike, shinkafa kuwa tana bushewa. Intanet ita ce magudanar da ke tsakaninmu da hotunanmu, mun kuwa ga ranar da aka rufe ta. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba da umurni a kashe layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran garuruwa kuwa suka ci gaba da jira makonni da yawa. Mutane suka riƙa tafiya har jihohin maƙwabta don su buga waya. A wannan lokaci, wanda hoton takardarsa yake a girgije kaɗai, ko da alƙali ne ya nema, ba shi da hanyar nunawa. A watan Maris na 2024 ma waɗansu wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku sun lalace wajen gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta kwana da kwanaki.

Sa'an nan mai rumbu yana da nasa mudu. Ana auna girman hoto da bidiyo da mega da giga, kamar yadda ake auna datar da muke saya. Mega wajen 1,000 su ne giga ɗaya. Google yana ba kowane akwati giga 15 kyauta, kuma a ciki wasiƙun Gmail da hotuna da sauran takardu suke zama tare. Dā akwai hanyar ajiye hotuna ba iyaka, amma kamfanin ya daina wannan tun ranar 1 ga Yuni, 2021. Masu wayar iPhone kuwa giga 5 kamfanin Apple ke ba su. Hoto ba shi da cin wuri, giga ɗaya takan ɗauki ɗaruruwa. Bidiyo ne mai ci, don na minti goma yana iya cinye giga guda. In mudu ya cika, sabon hoto ba ya shiga, wasiƙa ma ba ta shigowa, sai an biya kuɗi ko an rage kaya.

Akwai wata doka kuma da ya kamata kowa ya ji ta da kyau. Tun daga watan Disamba na 2023, akwatin da ya shekara biyu ba a shiga ba, kamfanin yana iya share shi da duk abin da ke ciki. Yakan aika da gargaɗi tukuna, amma cikin akwatin nan da ba a buɗewa yake aikawa, ko wani adireshi da aka ba shi tun farko. Mu tuna da maigidan da ya rasu, kalmar sirrinsa ta tafi tare da shi. Hotunan 'ya'yansa da na takardun gonarsa suna can, magada ba su iya kaiwa gare su, kwanaki kuwa suna tafiya.

Maganin wannan shi ne a ɗebo kwafi a kawo gida. Ana kiran wannan aiki saukewa. Wurin da ya fi dacewa a sauke su shi ne kwamfutar tebur, watau irin wadda ake girkewa wuri ɗaya, mai akwati da allo da madannai. Cikinta ya fi na waya girma nesa ba kusa ba, ba a yawo da ita balle ta faɗi, kuma abin da ya shiga cikinta ana iya kallonsa ko babu intanet. Mun san ba kowane gida ke da ita ba. Amma akan samu a wurin ɗa ko ƙane mai aikin ofis, ko a makaranta, ko a shagon da ake buga takardu. Garin da ke da ɗalibai kamar Talata Mafara, inda Kwalejin Abdu Gusau take, ba ya rasa irin waɗannan shaguna. Wanda ya zo cin kasuwa ran Talata yana iya haɗa aikin biyu.

Kafin mu tashi daga gida, mu tabbata mun san sunan akwatinmu da kalmar sirrinsa. Ga amfanin karatun da muke koyo a nan, don wanda ya iya rubutu zai rubuta su da hannunsa ya ɓoye a adaka, ba sai ya dogara ga yaron da ya buɗe masa ba. Mu tafi da wayar da layinta a ciki, don in an shiga akwati daga baƙuwar kwamfuta, kamfanin yakan aiko da lambobi ta waya, ko ya tambaya a kan allonta ko mu ne. Mu kula da layin nan, gama layin da aka daɗe ba a amfani da shi akan karɓe shi a sayar wa wani. Mu tafi kuma da filashi, ɗan abin nan kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta a zuba masa kaya. Mu yi shirin kuɗin data, don sauke giga 10 yana cin datar giga 10.

In mun zauna gaban kwamfuta, sai a buɗe manhajar shiga intanet, a rubuta photos.google.com a layin sama. Za a nemi sunan akwati, a rubuta. Za a nemi kalmar sirri, mu rubuta da kanmu, kada mu faɗa da baki a cikin shago. Sai hotuna su bayyana a jere, na kwanan nan a sama, tsofaffi a ƙasa, kowace rana da kwanan watanta.

A nan mu tsaya mu duba ko abin da muke nema yana ciki. Sau da yawa hotunan da aka turo mana ta WhatsApp ba su shiga wannan ma'ajiya, sai in an kunna musu ajiya musamman. Irin waɗannan suna cikin waya kaɗai. A haɗa wayar da kwamfuta da igiyar caji a kwashe su kai tsaye, wannan ba ya cin data ko kaɗan.

Ana zaɓen hoto da maus, ɗan abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur. In aka kai kibiyarsa kan hoto, wata ƙaramar alama takan fito a kusurwar hagu ta sama. A danna ta, an zaɓi hoton ke nan. A bi sauran haka. Akwai irin alamar kusa da kwanan wata, ita tana zaɓen hotunan ranar gaba ɗaya. In an gama zaɓe, a dubi kusurwar dama ta saman allo, za a ga ɗigo uku a tsaye. A danna su, kalmomin Turanci za su fito. Wadda muke nema tana farawa da harafin D, ma'anarta saukewa. A danna ta, a jira. Kada a zaɓi fiye da 500 a tashi ɗaya. Inda layi ba shi da ƙarfi ma gara a ɗauki kaɗan-kaɗan, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, akan koma farko.

Hoto ɗaya yakan sauko shi kaɗai. In suna da yawa sai su zo a ɗaure wuri ɗaya kamar damin gero, ana kiran damin zif. Waɗansu sukan ga zif su ce hotuna ba su zo ba. Sun zo, kwancewa ta rage. A sa kibiya a kansa, a danna gefen dama na maus, a zaɓi kwancewa. Sa'an nan a buɗe folda, watau jakar ajiya ta cikin kwamfuta, a sa mata suna da shekara, misali Bikin Aure 2024, a zuba su ciki.

Wanda yake son ya kwashe kome da kome, akwai wata ƙofa dabam, takeout.google.com. A nan akan zaɓi Google Photos, a ce wa kamfanin ya ɗaure duka. Yana iya ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki. In ya gama sai ya aiko da wasiƙa ta Gmail mai ɗauke da hanyar saukewa. Hanyar nan kwana bakwai take yi ta mutu, saboda haka wanda ya nema wannan Talata kada ya bari sai wata Talatar ta wuce. Za a ga waɗansu ƙananan takardu sun biyo hotunan. Ba ƙwayar cuta ba ce, bayanin rana da wurin da aka ɗauki hoto ne a cikinsu.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi yin hasara. Mutum ya ga an ce an sauke, sai ya kama share na girgije don ya sami wuri. A'a, a dakata. A buɗe hotunan a kwamfuta a gani da ido. A kunna bidiyo a kalle shi har ƙarshe, gama wani yakan sauko rabi. A ƙidaya, a ga ko adadin ya yi daidai. Saukewa ba ta taɓa na girgije, kwafi kawai take yi, kuma in akwai wuri gara a bar shi can. Mu sani kuma, in aka share hoto daga cikin Google Photos a waya, yakan tafi daga wayar da girgijen gaba ɗaya. Wanda ya yi haka bisa kuskure ya duba kwandon shara na manhajar, hoton da aka riga aka ajiye yakan zauna a can na wani lokaci kafin ya ɓace.

In kwamfutar ta shago ce, aikin bai ƙare ba sai mun share sawunmu. A kwashe hotunan a zuba a filashi. A share waɗanda suka rage a kwamfutar, a kuma zubar da kwandon shararta muna kallo. In allo ya tambaya ko a riƙe kalmar sirri, a ce a'a. Sa'an nan a danna hotonmu ko harafin sunanmu da ke kusurwar dama, a fita daga akwatin. Wanda ya tashi bai fita ba, mai zama bayansa zai ga iyalinsa, ya karanta wasiƙunsa, ya ga lambar katinsa. Hoton matan gida da na 'yan mata ba abin bari a shago ba ne. Macen da ba ta fita tana iya aiken ɗanta ko ƙanenta da ta amince da shi, in ya dawo su canza kalmar sirri tare.

Kwamfuta ma takan mutu. Wuta mai ƙarfi takan ƙone ta, ƙura da zafin bazara sukan lalata ta. Filashi kuwa yakan ɗauko cuta in ana yawan soka shi a kwamfutoci dabam-dabam, sai a buɗe a ga kamar babu kome a ciki. Saboda haka a keɓe filashi ɗaya don hotunan gida kaɗai, kada a ba da aronsa. In da hali a yi biyu, a kai ɗaya gidan ɗan'uwa a wani gari, don mun ga yadda tashin hankali kan sa mutane su bar ƙauyensu da dare ba su ɗauki kome ba. Hoton takardar gona da na iyaye kuwa, a kai wa mai hoto ya wanke su a takarda, a sa a leda, a ajiye a adaka tare da takardar da aka rubuta sunan akwati a kai. A kuma gaya wa babban ɗa ko uwargida inda take.